Tsohuwar Jif Ɗin Auta

"Ka ƙara cewa in haƙura, wallahi a nan zan tafi in bar ka."

Auta ce ta faɗi haka, hannunta a kan bonet ɗin wata jif mai jan taya huɗu da ta zo saya, wadda ta girme ta nesa ba kusa ba. Fentin ya koɗe, kujerun sun sha faci. Saurayinta Likita ya yi murmushi, irin murmushin nan da ke ba ta haushi yana kuma kashe mata jiki.

Likitan dabbobi ne, a wata gona can bayan rafi yake aiki, a nan kuma yake zaune. Gonar ce ta tsaya musu a wuya. Abbanta ya ce bai ga aibun yaron ba, amma 'yarsa ba za ta zauna inda mota ba ta zuwa ba. Gwaggonta kuwa nema ta samu, kullum tana gidan tana yabon ɗanta mai gida a bakin titi. Ƙarshen wata Abba zai ba manyan Likita amsa, kuma kowa ya san amsar.

Ita kuwa Auta, da kunnen ƙashinta, sai ta kama maganar mota ta riƙe gam. Yarinyar da ko ramin kwalta ta gani sai ta yi salati!

Mai motar, wani dattijo mai yawan zance, ya nuna mata gajeriyar giyar da ke sa tayoyin gaba su ja, ya ce in ta shiga yashi ta rage wa tayoyi iska, kada ta biye wa totur. Likita ya leƙa ƙarƙashi, ya ƙwanƙwasa ƙarfen ko tsatsa ta ci shi, ya taso yana kaɗe wando.

"Zuciyata… ba na son ki wahala saboda ni."

"Wa ya ce saboda kai ne? Saboda ni ne. Ni nake son ka."

A ranar ta saya. Bayan bakanike ya gama da ita, kullum da yamma tana wani fili tana koyo, motar na mutuwa tana tayarwa.

Da ta roƙi Abba ya raka ta gonar, ya daɗe yana kallon motar kafin ya shiga. Sun bar kwalta lafiya, sun hau duwatsu suna girgiza. A tsakiyar yashin rafi motar ta tsaya. Tsoro ya kama Auta, ta manta komai, ta taka totur iya ƙarfinta, tayoyin baya suka haƙa rami suka zauna a ciki.

Hawaye suka zubo mata. Shi ke nan, da hannunta ta tabbatar da maganar Abba.

Can ta hango Likita a ɗaya gefen yana gangarowa da gudu. Abba ya fito ya ɗaga masa hannu, ya ce ya tsaya inda yake.

Auta ta share ido ta sauka. Ta ɗaura mayafinta a ƙugu, ta durƙusa ta tone yashin da hannu, ta bi tayoyin tana rage iska. Ta koma ta ja gajeriyar giyar, ta saki kuloci a hankali. Motar ta yi nishi kamar tsohuwa za ta tashi daga tabarma, ta haura.

A gonar Abba ya zagaya ko'ina. Ya duba ɗakunan, ya leƙa rijiya, ya tambayi nisan asibiti, Likita na bin sa a baya kai a sunkuye. Daga ƙarshe ya zauna a kan benci ya kira su.

Ya ce shi ba wahalar hanya yake jiye mata ba, ya san wadda ya haifa. Tun rasuwar mahaifiyarta ita ce muryar da ta rage a gidan. Muryarsa ta yi rauni.

"In na tashi da kewarki, Auta, ta ina zan biyo?"

Ashe abin da ke cinsa ke nan, ita tana can tana faɗa da hanya. Ta durƙusa ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka, ya bar ta ta yi mai isarta. Sannan ya dubi Likita.

"Ɗana, ka turo manyanka. Amma motar nan tawa ce daga yau, ku nemi wata."

Likita sai godiya yake yi. Abba ya miƙe ya miƙa wa Auta hannu ta ba shi makulli.

"Tashi ki koya min tsallake yashin nan tun da sauran rana."