Rumfar da Auta Ta Ce Ta Gani

A shekarun baya, lokacin da ake kiran garin Suleja da suna Abuja, an yi wata yarinya a unguwar Wambai. Ita ce ƙarama a gidansu, don haka kowa Auta yake ce mata. Tana aji huɗu a firamare.

Auta yarinya ce mai zurfin tunani. In tana tankaɗen gari, sai hannunta ya tsaya, idonta ya tafi sama. Gajimare take kallo. Wannan ya yi kama da raƙumi, wancan kamar mace mai goyo. Sai Mama ta taɓa kafaɗarta ta ce, "Auta, dawo gida, ruwan tuwo ya tafasa."

Babanta, Istifanus, kafinta ne. Ɗaki biyu suke haya. Kaka, mahaifiyar Baba, tana zaune tare da su. Gwiwa tana damunta, sai da sanda take tafiya.

Kaka tana da wata damuwa. 'Ya'yanta sun watsu. Baffa Irmiya soja ne, rabonta da shi tun kafin yaƙi. Gwaggo Dokas kuma tana aure a Jos. Yanzu yaƙi ya ƙare, Kaka ba ta da buri sai ta gan su gaba ɗaya.

Wata rana da yamma Baba ya dawo da fara'a.

"Albishirinku! Irmiya da Dokas za su zo a dogon hutu, su da 'ya'yansu duka."

Kaka ta ɗaga hannu sama tana godiya ga Allah. Mama ma ta yi murna, amma sai ta dubi tsakar gidan.

"Wurin kwana ba matsala, maƙwabta za su ara mana ɗaki," in ji ta. "Amma ina za mu zauna mu ci abinci tare? Wannan ɗan fili ko shanya ba ya isa."

Auta ta yi wuf ta ce, "Mu je bakin tafki!"

Kowa ya juyo yana kallonta.

Akwai wani tafki a bayan ƙauyen Chaza. Sau ɗaya Auta ta taɓa ganinsa, ranar da malaminsu ya kai su tsinkar ganyaye. Daga kan tudu ta hango shi. Ruwan yana sheƙi kamar sabuwar tasa. Balbelu farare tas suna shawagi a kansa. Ba su sauka wurin ba, don hadari ya taso, malam ya ce a juya.

Tun daga ranar tafkin ya zauna a zuciyar Auta. Kullum in ta rufe ido sai ta ƙara masa wani abu. Yau ta dasa masa furanni, gobe ta shimfiɗa masa hanya.

"Wurin yana da kyau, Baba," in ji ta. "Ruwan kwance yake luf, iska tana kaɗawa a hankali."

"Amma damina ce," in ji Baba. "In ruwa ya sauko, ina za mu fake?"

"Akwai rumfa! Babba, ta kwano. Har da bencuna a ciki."

Kaka ta matso. "Ƙawata, ni da wannan gwiwa zan iya zuwa kuwa?"

"Ƙwarai, Kaka. Mota tana shiga har bakin ruwa."

Baba ya dube ta da kyau. "Auta, da idonki kika ga duk wannan?"

Auta ta san daga nesa ta hango tafkin. Amma ta ga fuskar Kaka ta yi haske, irin hasken da ta daɗe ba ta gani ba.

"E, Baba," ta ce a hankali.

"To, shi ke nan. Bakin tafki za mu."

Aka shiga shiri. Baba ya aika wa 'yan'uwa saƙo ta hannun direbobin manyan motoci. Ya yi magana da Ɗanlami mai a-kori-kura, ya yarda zai kai su. Mama ta so ta aro tamfol a coci, amma ta fasa.

"Tunda akwai rumfa, me za a yi da tamfol?" in ji ta.

Ta sayi acca da gyaɗa, ta ware kaji biyu tana ba su dawa. Kaka kuwa ta fito da zanenta mai kyau daga ƙasan akwati. Ta wanke shi, ta shanya, ta sa aka buga mata shi. Duk wanda ya shigo gaishe ta sai ta ce, "Jikata ta samo mana wuri. Zan zauna a benci in kalli ruwa, 'ya'yana suna gefena."

Duk sanda Auta ta ji wannan magana, sai ta tuna daga nesa kawai ta ga wurin. Amma in ta rufe ido, ga rumfar nan tana gani sarai, kwanonta yana ƙyalli. Sai ta ce a ranta, "Wataƙila ma akwai ta."

Da zuwan baƙi ya matso, Baba ya fito da kekensa da safe.

"Auta, hau mu je ki nuna mini wurin. Ina so in ga inda za a kafa murhu."

Ta hau bayan keken. Suka fita gari. Dutsen Zuma yana can nesa, hazo ya rufe kansa kamar an naɗa masa farin rawani. Gonaki sun yi kore shar.

Bayan Chaza kaɗan, hanyar mota ta ƙare a bakin wata gonar dawa. Baba ya sauka yana tura keken. Suka bi wata 'yar siririyar hanya. Ciyawa ta fi Auta tsawo. Taɓo yana kama musu takalma.

Can sai ga tafkin a gabansu.

Ya fi yadda ta tuna shi kyau. Furannin bado sun buɗe a kan ruwa, farare da shuɗɗa. Sama gaba ɗaya ta kwanta a cikin ruwan. Wata balbela tana tsaye da ƙafa ɗaya, kamar mai barci.

Amma babu rumfa. Babu benci ko ɗaya. Ciyawa ce kawai da wata tsohuwar ɗorawa.

Baba ya duba gabas, ya duba yamma.

"Auta, ina rumfar?"

Sai ta fashe da kuka.

"Babu, Baba. Daga kan tudu na hango ruwan. Sauran duk a zuciyata na gani. Da ka tambaye ni, na ji kunyar in faɗi gaskiya, don Kaka tana murna."

Baba ya jingine keken, ya zauna a kan wani dutse.

"Ni ma ina da laifi," ya ce daga baya. "Ya kamata in zo in duba tun farko. Amma na yarda da ke ne, don ba ki saba yi mini ƙarya ba. Yanzu ga baƙi sun ɗaura kaya. Kakarki kuma ba za ta iya bin wannan hanya ba."

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Na haƙura. Amma Kaka, ke za ki gaya mata da bakinki."

Da suka koma gida, Auta ta durƙusa gaban Kaka ta faɗi komai. Kaka ba ta yi faɗa ba. Ta miƙa hannu ta ɗauko zanen nan mai kyau, ta ninke shi, ta mayar cikin akwati.

"Ba komai, ƙawata," in ji ta. "Ku je ku da kuke da ƙafa. Ni zan tsare muku gida."

Ranar Auta ta kasa cin tuwo. Ta zauna a bakin ƙofa tana kallon akwatin Kaka.

Gari na wayewa ta sami Baba yana wasa zarto.

"Baba, kai fa kafinta ne. Ba za mu iya gina rumfar ba? Ni zan yanko ciyawa, zan ɗauko itace."

Baba ya ajiye zarton. "In na tafi can, ƙofofin mutane da nake yi za su tsaya. Sai na bi su ina ba su haƙuri. Ke kuma aikin ba wasa ba ne. Za ki iya?"

"Zan iya."

Suka je wurin Malam Mu'azu, mai gonar da ke bakin tafkin, suka nemi izini. Ya ce ba komai. Har ya ba su gora da tsofaffin zana guda biyu.

Kullum da safe, ƙawayen Auta suna wasan gaɗa a ƙofar gida, ita kuwa tana bayan keke. Baba yana sara yana kafa dirka. Auta tana jido ciyawa a ka. Ƙaiƙayi ya dame ta, tafin hannunta ya yi ja, ƙafarta ta sha ƙaya. Wani lokaci idonta yakan tafi kan ruwa, hannunta ya tsaya. Sai ta girgiza kai ta ci gaba da ɗauri.

A hankali rumfa ta tashi. Ba ta kwano ba ce, ba ta kuma da girma sosai. Baba ya haɗa benci biyu da ragowar katako.

Sauran matsala ɗaya: hanya.

Baƙi suka iso. Gida ya cika da hayaniya da ƙamshin miya. Kaka ta rungume Baffa Irmiya tana shafa fuskarsa. Da aka natsu, Auta ta je wurinsa ta gaya masa abin da ta yi, da dalilin da ya sa Kaka ba za ta je ba.

Baffa Irmiya ya shafa gemunsa. Ya dubi kujerar katako da Kaka take zama a kai. Ya dubi Baba.

"Yaya, akwai sauran gora a wurinka?"

"Akwai biyu masu ƙwari."

"To, kawo igiya."

Ranar taro Kaka ta sake fito da zanenta. Motar Ɗanlami ta kai su bakin gonar dawa. Aka sauke tukwane da tabarmi. Sannan aka sauke kujerar, an ɗaura mata gora hagu da dama. Aka zaunar da Kaka. Baba ya kama gaba, Baffa Irmiya ya kama baya, suka ɗaga ta sama.

"Kai, ku sauke ni!" in ji Kaka tana dariya. "Za ku kayar da tsohuwa!"

"Riƙe da kyau, Mama," in ji Baffa. "Ai ba ki kai nauyin jakar soja ba."

Suka shiga cikin ciyawa. Gwaggo Dokas ta ɗauko waƙar yabo, mata da yara suna amshi. Auta tana tafe a gefe, riƙe da sandar Kaka. Da ta ɗaga kai, sai ta ga Kaka tana tafiya a sama da dawa kamar tana kan kwalekwale. Hawaye yana zuba a kumatunta.

"Jiya-jiya ni nake goya yaran nan," in ji Kaka. "Yau ga ni a kafaɗarsu."

Suka isa bakin tafki. Aka dafa gwaten acca, aka soya kaji. Yara suna jefa tsakuwa a ruwa suna kallon zobban da take yi. Kaka ta zauna a benci, ɗa a dama, ɗa a hagu, 'ya a gabanta tana matsa mata gwiwa.

Da la'asar yayyafi ya sauko. Kowa ya ruga cikin rumfa, aka matsu kamar 'yan tsaki. Rumfar ta riƙe, sai kusurwa ɗaya da take ɗiga a kan Baffa Irmiya.

"Wa ya ɗaura wannan gefen?" ya tambaya.

"Ni ce," in ji Auta.

Aka kwashe da dariya, har da ita.

Wata 'yar Gwaggo Dokas ta matso kusa da ita. "Auta, wai akwai kada a cikin ruwan nan?"

Nan take Auta ta ga wani ƙaton kada a zuciyarta, mai ido kamar fitila. Har ta buɗe baki. Sai ta tsaya.

"Ban taɓa gani ba," in ji ta. "In ruwa ya ɗauke, mu je mu tambayi Malam Mu'azu. Amma in kina so, zan ba ki tatsuniyar wani kada. Tatsuniya ce fa, ni na ƙirƙiro ta."

Kaka ta ji. Ta jawo Auta jikinta, ta rufe ta da gefen mayafi.

"Haka ake yi, ƙawata. Tunani mai kyau ba laifi ba ne, baiwa ce. Amma in aka tambaye ki gaskiya, ki faɗi abin da idonki ya gani, don mutane a kan maganarki za su yi shiri."

Auta ta gyaɗa kai. Daga ranar ba ta sake haɗa abin da ta gani da abin da ta ƙirƙiro ba. In labari ne, sai ta ce labari ne. In gaskiya ake nema, gaskiya take faɗa, ko da ba ta da daɗin ji.

Yara suka kewaye ta, ruwa yana sauka a hankali a kan tafki, ta gyara zama ta fara ba su tatsuniyar kada.