Gabun Cikin Garwa

A garin Bodinga, zamanin da Nasara ke mulki, an yi wata yarinya mai gaggawa. Kai, gaggawarta ta yi yawa! In ta ɗora tukunya, tun ruwa bai yi ɗumi ba ta buɗe ta leƙa. A makarantar elemantare kuwa, kafin Malam Arzika ya gama tambaya ta riga ta ɗaga hannu.

Innarta sana'ar gabu take yi. Gabu dai lawashin albasa ne. Ana daka shi, a dunƙula, a shanya har ya bushe. Sai a riƙa gutsura ana sa wa miya.

Kullum in an tashi daga makaranta, yarinyar ce ke fita tallan gabu. To amma wa zai saya? A Bodinga kusan kowane gida akwai albasa. Ita da ƙawayenta, Zulai da Shatu, sai su yi ta karo da juna a lungu ɗaya. Kowa na kiran, "A sayi gabu!" Ba mai ko leƙowa.

Ran nan ta dawo gida ta dire faifai da ƙarfi.

"Inna, na gaji! Wa zai sayi abin da ke cikin ɗakinshi? Har tsohuwar bakin rijiya cewa ta yi in ɗanɗana nata!"

"Ki yi haƙuri, ɗiyata," in ji Inna. "Haka munka taras ana yi."

"To ni ban taras da komi ba!"

Babanta tela ne. Duk ranar kasuwar Shagari yakan hau lori da keken ɗinkinsa. Yana zaune yana jin su, sai ya yi dariya.

"Ai masu son gabu suna Shagari," in ji shi. "Akwai wani falke, Ɗantani. Kudu yake kaiwa. Kullum yana cigiya, amma da yawa yake so, ba faifai guda ba."

"To, Baba, mi ya hana a kai mishi?"

"Na taɓa kai na innarki cikin kwando. Wani ƙato ya zauna a kai cikin lori. Ya farfashe duka, garinshi na isa da shi."

Yarinya ta waiwaya. Idonta ya faɗa kan wata tsohuwar garwa a gindin danga. Ta yi tsalle.

"Garwa, Baba! Ko jaki ya zauna kan garwa, gabu ba zai farfashe ba. Kuma in munka haɗa lawashin gidaje duka, ai ya yi yawa!"

Baba ya dubi Inna. Inna ta dubi Baba.

"Wallahi dabara ce," in ji Baba.

Kafin rana ta faɗi, yarinya ta zaga unguwa kaf. Ta shiga gidan su Zulai, ta shiga gidan su Shatu, ta shiga sauran. Iyaye mata suka yi ta jan ƙafa. Kowacce ta saba da aikinta ita kaɗai, a bayan dangarta. Amma yarinya ta nace, har suka gaji suka ba da lawashinsu.

Aka aro garewani, aka wanke su tas da toka. 'Yan mata suka taru a gidan su yarinyar. Turmi ya yi ta amsa wa turmi, ana daka ana waƙa. Da yamma tabarmi suka cika da gabu, kore shar.

Yarinya ta tsaya a tsakar gida ta riƙe ƙugu.

"Ke Shatu, dunƙulenki ya yi ƙanana! Ke Zulai, ɗaga hannu mana! Ni ce na kawo dabara, ni ce shugaba."

"Mun ji, ranki shi daɗe," in ji Shatu, tana murguɗa baki.

Sai ga matsala. Lawashi ya rage tuli, tabarmi kuwa duk sun cika. Ba wurin shanya sabon daka. Ga ranar kasuwa tana matsowa.

Yarinya ta taɓa gabun da ke kan tabarma. Bayansa ya yi tauri.

"Ya bushe! A kwashe a zuba cikin garwa, mu shanya wani."

Zulai ta ɗauki ɗaya ta auna a tafin hannu.

"Wanga da saura. Ji nauyinshi. Cikinshi ɗanye ne."

"Haba Zulai! Ke komi sai kin ce da saura."

"Bari mu fasa guda mu gani."

"Ba mai fasa min gabu! In munka tsaya jiranki, sai damina ta faɗi."

"To mu tambayi Inna mana," in ji Shatu.

"Inna tana da aiki. Na ce a kwashe!"

Aka kwashe. Yarinya ta danna gabu cikin garewani, ta rufe bakinsu da fata, ta ɗaure da igiya tamau. Ta tura su ɗaki, ta ce kada wanda ya taɓa. Haka suka yi kwanaki a rufe, ga zafin bazara.

Ranar kasuwa ta zo. Zulai da Shatu suka ce za su bi ta.

"A'a, lori ba wuri. Shugaba ke tahiya."

Ta hau ta zauna daram kan garwa, kusa da keken Baba. Lori ya yi ta tsalle a hanya, garwa ko gezau. Yarinya ta yi ta murmushi ita kaɗai.

A Shagari, Baba ya kai ta rumfar Ɗantani. Mutum ne mai tumbi da yawan raha.

"Ina gajiya, 'yan Bodinga? Wagga ce mai gabun?"

"Ni ce, Baba. Ko guda bai fashe ba. Buɗe ka gani!"

Ɗantani ya kwance igiya. Ya ɗaga fata. Sai ya yi baya da sauri har hularsa ta faɗi.

"Subhanallahi! Mushe kunka kawo min?"

Wari ya cika rumfa. Gabu ya yi fumfuna, fari da baƙi, ya manne wuri ɗaya kamar taɓo. Aka buɗe ta biyu. Haka. Ko sabon dakan da aka ƙara a kai daga baya, ɗanyen ya ɓata shi. Mai nama da ke gefe ya ja teburinsa. Mutane suka taru suna dariya.

"Ɗiyata," in ji Ɗantani, yana toshe hanci, "in na kai wanga Kudu, da sanda za a rako ni."

Yarinya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Suka zubar da ruɓaɓɓen gabun, suka kama hanyar gida.

A ƙofar gida, 'yan mata suna jira. Da suka ga garwa ba komai, suka fara guɗa. Sai Baba ya girgiza kai, ya faɗa musu abin da ya faru.

Guɗa ta tsaya.

"Lawashin innata duka?" in ji Shatu. "Na shekara guda hwa!"

Zulai ta miƙe. Ta naɗe tabarmar gidansu ta fita. Sauran suka bi ta.

Kashegari labari ya gama gari. Yara suka sa mata suna Mai Garwa. In ta wuce sai su toshe hanci. A makaranta, Zulai da Shatu suka koma can ƙarshen aji suka zauna.

Malam Arzika ya yi tambaya. Hannun yarinya bai tashi ba. Ya sake yin wata. Shiru. Da aka tashi, ya kira ta gindin darbejiya.

"Yau aji ya yi sanyi. Lahiya?"

"Allah shi gafarta Malam, garwa ce ta cuce ni."

"Garwa? Ita ce ta kwashe gabun daga tabarma?"

"A'a."

"Ita ta ɗaure bakinta da igiya?"

"A'a, Malam. Amma ai zafi ma ya yi yawa. Kuma tabarmi sun yi kaɗan. Kuma Zulai ba ta faɗi da ƙarfi ba!"

"Ashe dai ta faɗi. Mi kinka ce mata?"

Yarinya ta sunkuyar da kai tana tonon ƙasa da ɗan yatsan ƙafa.

"Dabararki mai kyau ce," in ji Malam. "Manya da yawa ba su yi tunaninta ba. Amma kin tara mutane kin ɗauki hannuwansu, kin bar kawunansu a waje. Wanda ke gaba ba shi kaɗai ke da ido ba."

"To yanzu ƙaƙa zan yi? Ba mai yi min magana."

"Ke za ki yi musu. Ƙafar da ta zaga neman lawashi, ita za ta zaga neman gafara."

Kai, wannan zagaye ya fi na farko wuya! Innar Shatu ta bar ta tsaye a rana kafin ta amsa sallama. Innar Zulai ta ce, "A'a, Mai Garwa ce? Mi za a ruɓar yau?"

Yarinya ta haɗiye fushi. Ta durƙusa.

"Inna, laifina ne. Zulai ta gaya min, na ƙi ji. Ku yafe min. Zan riƙa zuwa ina yi muku daka da ɗiban ruwa."

Ta kuwa yi. Ta yi daka har hannunta ya yi kanta. Sannu a hankali fuskoki suka saki. Innar yarinyar ta ce akwai albasar ƙarshe da Baba bai cire ba, ta ba da lawashinta. Wasu gidajen suka ƙara ɗan abin da ya rage musu.

Amma Zulai ta ce sai da sharaɗi.

"Ba a kwashe gabu sai na fasa na gani."

"Na yarda."

"Ko da kasuwa za ta wuce."

"Na... na yarda."

"Ni ma ina da magana," in ji Shatu. "Kwando iska ke ratsa shi, shi ya sa gabu ba ya ɓaci a ciki. Mu huda garwar da ƙusa ko'ina. Ƙato ya zauna, iska ta shiga."

Yarinya ta zaro ido. "Shatu! Mi ya hana ki faɗi tun farko?"

"Kin bari?"

Aka huda garewani. Aka daka, aka dunƙula, aka shanya. Sai jira ya zo. Wayyo jira! Kullum da safe yarinya sai ta ruga gidan su Zulai.

"Ya bushe?"

Zulai ta zo a hankali kamar mai tafiya kan ƙwai. Ta fasa ɗaya. Ta duba. Ta shinshina.

"Da saura."

"Zulai, don Allah, sake dubawa!"

"Da saura."

Ranar kasuwa ta zo, gabu bai gama ba. Lori ya yi oda a bakin hanya. Baba ya ɗauki kekensa ya tafi. Yarinya ta zauna gefen tabarma, ta danne hannuwanta da cinyoyinta don kada su kwashi komai. Inna ta juya baya tana dariya a ɓoye.

Ana nan, ran nan Zulai ta fasa ɗaya, ya yi ƙas! Cikinsa da bayansa duk ɗaya.

"To, yanzu ya yi."

Wannan karon su uku suka hau lori, kowa kan garwa. Da Ɗantani ya hango su, ya yi maza ya toshe hanci da bakin rigarsa.

"Jama'a, ku ja kayanku! 'Yan Bodinga sun dawo!"

"Baba, ka girgiza tukuna," in ji yarinyar.

Ya ɗaga garwa ya girgiza. Gabu ya yi ƙwar-ƙwar a ciki kamar goruba. Ya buɗe a hankali, ya leƙa da ido ɗaya. Ƙamshi ya bugi hancinsa. Ya fasa guda, ya sa a baki.

"Madalla! Wanga shi ne gabu. Ba ruɓa, ba gari. Na saye duka. In kuna da wani, duk kasuwa ku kawo. Wace ce shugabarku, mu yi magana?"

"Ni na kawo dabarar garwa," in ji yarinyar. "Shatu ta huda ta. Zulai ke cewa ya bushe. In kana son magana, Baba, sai ka yi da mu duka."

"To, ku zauna ga tabarma, manyan fatake!"

Da suka koma Bodinga, kowane gida ya sami rabonsa. Iyaye mata suka yi ta sa albarka. Kafin wata shekara, 'yan matan unguwa sun daina karo da juna a lungu. Tare suke daka, tare suke shanya, har matan garin Dingyaɗi suka aiko a koya musu.

Yarinya ba ta daina kawo sababbin dabaru ba. Amma yanzu in ta kawo, sai ta ce, "To, ku mi kunka gani?" Kuma ta tsaya ta ji amsa.

Yara, dabara mai kyau tana son haƙuri. Shugaba na gari kuma shi ne mai sauraron mutanensa kafin ya ce a yi.