Taga ta Huɗu

A taga ta huɗu ta ofishin kan iyaka ya fara ganinta, riƙe da agogo da littafi, tana auna lokacin da manyan motoci ke ɓatawa kafin su tsallaka. Cibiyar binciken cinikayya tsakanin ƙasashen yankin ce ta aiko ta. Shi kuwa shekararsa bakwai a bayan ƙarfen tagar, yana buga hatimi a takardar da taga ta uku ta riga ta buga wa hatimi.

"Malam Hatimi, minti arba'in ka riƙe direban nan," in ji ta.

"Talatin ne nasa, Mai Agogo. Sauran goman kallonki nake yi."

Ta yi murmushi, amma arba'in ta rubuta.

Bayan wata huɗu soyayya ta kankama, bincike kuma ya nuna abin da ba ta so: tagar ba ta da amfani, dole rahotonta ya nemi a rufe ta. Ga mahaifinta, tsohon akawu, ya rantse ba zai ba da 'yarsa ga wanda aikinsa ke rawa ba. In ta faɗi gaskiya ta rasa miji, in ta ɓoye ta ci amanar direbobin da ke gasuwa a rana. Gaba kura, baya sayaki.

Saƙonsa ya shigo wayarta: "Hasken idona, kada ki rage ko minti ɗaya domina. Na fi kowa sanin ba ni da amfani a nan. Rubuta a rufe."

Ta rubuta tana hawaye. Da aka miƙa rahoton, ta durƙusa gaban mahaifinta da kwafi.

"Baba, shafi na casa'in. Nan na nemi a rufe tagarsa."

Ya sa tabarau ya karanta a tsanake.

"Wa aka kai wa?"

"Taron ministoci."

"Suka ce me?"

"Sun yaba ƙwarai. Sun kafa kwamitin da zai duba."

Tsohon ya cire tabarau, fuskarsa ta saki.

"Uwata, shekara talatin da biyar na yi ina jera irin waɗannan rahotanni a kan kantar ofis. Tagar da aka kafa wa kwamiti, jikokinku ma za su gaje ta. Ki ce ya turo magabatansa."

Aka ɗaura aure. Yanzu kowace safiya yakan nufi taga ta huɗu, ita kuma ta zauna rubuta rahoto na biyu. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, direbobi kuma ya ƙara musu haƙuri.