Wanda Ya Kama wa Rahamatu Akwatin Batir

Almuru ya kawo jiki a Gumel, kaji sun shige akurki, ladan yana gyaran murya, Rahamatu kuwa tana tsohon ɗakin hatsin marigayi mahaifinta, ta haɗa gumi sharkaf. A nan ta kafa rak, dogon kabad ɗin ƙarfe mai ginshiƙai, inda za ta jera na'urorin raba intanet ga masu shaguna na bakin kasuwa. Sana'ar da ta koyo a Kano ke nan, kuma tun dawowarta yayanta Barau yake tsokanarta, wai mace da sukundireba sai ka ce mai gyaran rediyo.

Ta ɗora reli biyu can ƙasa, dama da hagu, ƙarafan da akwatin batir zai hau ya zame ciki kamar durowa. Akwatin nan buhun gero bai nuna masa nauyi ba, a ƙa'ida mutum biyu ke ɗaga shi. Barau yana zaure yana alwala, kira ɗaya zai zo. To amma Rahamatu akwai taurin kai, ta gwammace bayanta ya ƙage da ta ji ya ce "ai na faɗa". Ta rungumi gefe ɗaya ta yunƙura, akwati ko gezau. Cikin haushi ta dubi kusurwar da duhu ya riga ya cika, ta ce, "Wai ba mai kama min ne?"

Sai ɗaya gefen ya tashi.

Akwatin ya hau reli sumul, ya shige. Tsigar jikinta ta tashi. Kowa a garin ya san ba a jefa kira cikin ɗakin da ba kowa da magariba. In za ka kira, ka kama suna. Ita ma ta sani, zuciya ce ta ɗebe ta. Ta fice da gudu ta datse ƙofa, ba ta gaya wa kowa ba, ta kuma manta ba ta ɗaure notin baya na relin hagu ba.

Washegari da faɗuwar rana aka fara jifa. Tsakuwa kan kwano, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Barau ya zagaya bayan gida da sanda, bai ga ko akuya ba. Daga ɗakin hatsi ana jin wani nishi mai nauyi, irin na wanda ya ɗauki kaya ya rasa wurin saukewa. Haka aka yi ta yi kullum magariba, har ranar da Inna Rakiyya ta tarar da ɗiyarta Rahamatu durƙushe a tsakar gida, hannayenta biyu a miƙe, a sandare, kamar tana tallabe da abin da ido ba ya gani. Ta kira ta, wata murya mai kauri ta amsa daga bakin yarinyar.

"Ba ta nan."

Inna Rakiyya ta tsorata, amma ba ta yi ihu ba. Ta gyara ɗaurin zani ta ce, "Ɗiyata ce, ni na haife ta, kuma a gidan ubanta take. Barau, hau babur ka ɗauko Malam Ishaƙ."

Malam Ishaƙ ya iso daga Sule Tankarkar washegari bayan la'asar, tsoho ne marar yawan magana. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin hatsi, aka buɗe ɗakin, ya zauna gefen kan Rahamatu yana karatu a hankali. Rana ta yi ja, inuwar katanga ta rufe tsakar gida, unguwa ta yi tsit. Can jikin yarinyar ya hau ɓari.

"Wane ne kai, me ya haɗa ka da baiwar Allah?" in ji Malam.

"Ita ta kira. Ta ce a kama mata, na kama. Tun ranar nake riƙe da kayanta, ƙarfenta na hagu rawa yake yi. Ba wanda ya ce min sannu."

"To sannu. Sai ka saki ka tafi."

Muryar ta yi dariya marar daɗi. "In na saki akwatin ya faɗi, ya ja rak ɗin su tarwatse. Ku bar min ita, ni kuma in riƙe mata har abada."

Inna Rakiyya ta matso har sai da Barau ya riƙe mata hannu. "Kai, ji marar kunya! A kasuwar Maigatari baƙo ma kan ɗora wa mutum kaya ya wuce abinsa. Yaushe aka fara ba da mutum ladan taimako? Ya tarwatse ɗin mana!"

Malam ya ɗaga murya da karatu. Jikin ya yi ta murɗewa, muryar tana gurnani, tana rage farashi: a bar masa hannayenta kawai, a bar masa ɗakin, a yanka masa baƙin bunsuru. Malam ya ce ko gashin kaza ba za a ba shi ba. Sai ga wata siririyar murya ta kutso ta ƙarƙashin mai kaurin, a wahalce amma da tsiwarta yadda aka san ta.

"Yaya Barau... sukundireba... notin baya, hagu."

Barau, wanda ya sha yi wa sukundireban nan dariya, ya rarume shi, ya shiga ɗakin da bismillah. Sanyi ya buge shi kamar ya leƙa randa. Ya kwanta rub da ciki bayan rak, ya ga bakin relin yana lilo, ba abin da ya riƙe shi, akwatin kuwa zaune daram a kan iska. Ya so ya gudu, kunya ta hana shi. Ƙanwarsa tana faɗa masa daga waje, kalma ɗaya nishi ɗaya: ya daidaita ramin da na dama, ya zura noti, ya murɗa har ya ƙi tafiya. Ya murɗa, gumi yana shiga masa ido.

"Ya ɗauru!"

Rahamatu ta ɗago kai, idanunta jajur, ta dubi kusurwar nan mai duhu. "Na gode da kamun da ka yi. Yanzu saki. Na ce saki!"

Ƙarfe ya yi ƙara ƙiii, rak ya ɗan girgiza. Akwatin ya zauna a kan relinsa, bai motsa ba. Wata iska ta fito daga ɗakin ta kaɗa labule, ta bi ta kan katanga ta yi arewa. Hannayen Rahamatu suka saki, suka faɗi kan cinyarta, ta fashe da kuka a jikin innarta.

Malam Ishaƙ ya ce ta huta, ta kuma kama azkar safe da yamma. Ta kama azkar ɗin, hutun ne dai ba ta yi ba. Da hantsi aka gan ta a ɗakin hatsi, ƙofa a wangale, ta ɗaure relin na'ura ta gaba, ta bi kowane noti ta sake gwadawa. Ta dafa gefen na'urar, ta juya wajen zaure, ta ɗaga murya yadda har maƙwabta sai da suka ji.

"Yaya Barau ɗan Mu'azzam, kai nake kira! Zo ka kama min."