Tafin Hannun Umma

"Innalillahi! Fahad, zo ka gani... wannan wace irin ƙazanta ce a firji?"

Tayyiba na riƙe da tiren shayi ta ji muryar Hajiya Saudatu daga kicin, take gabanta ya faɗi. Tun asuba take goge-goge, don duk 'yan gida mazauna ƙasar Turawan nan, daga Beltsville har Takoma Park, kowa ya san mahaifiyar Fahad da ƙyanƙyami. Mace ce da ko gidan biki za ta je da cokalinta take tafiya. An wanke labule, an turara gida, abu ɗaya tak aka manta. Shi kuma tsautsayi ya sa Hajiyar ta ce da kanta za ta saka kunun ayar da ta kawo a sanyi.

Ta dire tiren ta ruga. Hajiya na tsaye ta toshe hanci da bakin mayafi. A cikin firjin ga wani faranti mai faɗi, cike da wani abu mai santsi da ya daskare kamar romon ƙafar saniya da ya kwana. Gefensa duk shuɗin fenti, tsakiyarsa ta fara funfuna.

"Mama, ba abinci ba ne, wallahi. Na zane ne."

"Zane? A gefen nama?"

"Fenti nake shafawa a kai, sai in ɗora ganye ko leshi, in danna takarda. Idan na ɗaga sai hoton ya fito. In ba a sanyi yake ba narkewa yake yi."

Fahad ya leƙo ta bayan uwarsa yana murmushi. Saura sati shida ɗaurin aurensu da Tayyiba, ya san da littafin zanenta, har tsokanarta yake yana ce mata mai tsince-tsince. Farantin ne bai taɓa gani ba.

"Da me ake haɗa shi, Tayyibata?"

"Wani farin gari ne maƙwabciyarmu Debbie take ba ni a kwalba. Jelatin. Irin ƙaro ne, kamar wanda ake sa wa hula."

Murmushin ya ɗauke. Shi dai likita ne, amma ranar nan hankali bai zo masa da wuri ba. Maimakon ya ja ta gefe, sai kawai bakinsa ya suɓuce.

"Ƙaro? Tayyiba, ai mafi yawan jelatin ɗin ƙasar nan daga fatar alade ake yinsa!"

Hajiya ta saki kwalbar kunun aya, ta tarwatse a ƙasa.

"A'uzubillahi! Alade? A gidan nan? Tir!"

Nan take Tayyiba ta kira Debbie a waya. Ma'aikaciyar jinya ce 'yar Kafanchan, ita ta koya mata wannan zanen lokacin da Umma ke kwance, don ta rage mata zaman tagumi. Debbie ta ce bari ta duba babban gwangwanin da take ɗiba. Can ta dawo kan wayar.

"Wayyo Tayyiba... na alade ne. Na rantse ban taɓa kawo shi a raina ba, tunda ba ci za mu yi ba. Ki yafe ni, 'yar'uwa."

Tayyiba ba ta jira ƙarshen maganar ba, banɗaki ta faɗa ta dinga sheƙa amai. Shekara ɗaya da rabi! Shekara ɗaya da rabi tana dama abin nan a tukunyar da suke dafa shayi, tana shafa shi da tafin hannu tana jin daɗin sanyinsa. Har sunsuna shi take yi ta ji ko ya lalace.

Da ta fito, Hajiya na tsakiyar falo a tsaye, ta tattare gefen zaninta, ko kujera ta ƙi zama. Idonta na kan littafin da ke bisa tebur. Ƙaton littafi ne da ya kumbura har ba ya rufuwa, an lilliƙa masa tikitin jirgin ƙasa na Metro, takardun magani, ɓawon albasa da ƙyallayen atamfa.

"Wannan ma ya taɓa abin?"

"Kowane shafi, Mama."

"To ki ji ni da kyau. Ni da mahaifiyarki marigayiya Hannatu aminai ne, shi ya sa na yi murna da haɗin nan. Amma ko tsinke ɗaya daga cikin tarkacen nan ba zai shiga gidan ɗana ba. Tukunya, cokali, littafi, duk bola! In ba haka ba, a dakata da maganar auren."

"Haba Hajiya..." Fahad ya fara.

"Rufe min baki! Wuce mu tafi, ni wanka zan yi."

Kwana uku Tayyiba ba ta iya cin abin kirki ba. Duk abin da ta kai baki sai ta ji ƙarni. Ta wanke hannu har fatar ta fara tsagewa, ta zubar da tukunya biyu, ta wanke firji sau huɗu. Abbanta, da yake ba mai yawan magana ba ne, cewa kawai ya yi rashin sani ne, ta yi istigfari. Amma ta lura shi ma ya daina shan ruwan firjin.

Rana ta huɗu ta saka safar hannu ta roba, ta jawo baƙar leda, ta zauna gaban littafin.

Shafin ganyen zogalen da Umma ta raina a tukunya, ta yage. Shafin leshin da Umma ta saka ranar sallarta ta ƙarshe, ta yage. Tikitin jirgin da suke hawa zuwa asibiti duk Talata, shi ma ya bi. Tana yi tana yatsina fuska, hawaye na zuba, ita kanta ba ta san ko na baƙin ciki ne ko na tashin zuciya ba.

Sai ta iso shafi na ƙarshe, hannunta ya tsaya.

Tafin hannun Umma ne, da fenti mai kalar lalle. Kowane layi ya fito, har da ƙaramin yatsan da ya karkace tun tana yarinya da taɓarya ta buge shi. Sati biyu kafin rasuwarta ne, tana zaune a kujerar nan ta ce, "Kawo abin naki mai sanyi in ji, kullum kina ta danne-danne." Ta ɗora hannu a kai ta yi dariya, ta ce kamar kumatun jariri. Rabon da ta yi dariya an fi wata.

Kayan Umma an rabar, muryarta babu a ko'ina. Wannan kaɗai ya rage wanda jikinta ya taɓa. Kuma a kan alade ta ɗora shi, ita Tayyiba ce ta miƙa mata da hannunta.

Ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara. Fahad ne, ko rigar asibiti bai cire ba. Ya dubi ledar ya sauke ajiyar zuciya.

"Alhamdulillahi. Na san za ki yi, masoyiyata. Saura me?"

"Saura wannan."

Ya duba, ya kau da kai. "Ki rufe ido ki saka shi. Zan ɗauka miki hotonsa a waya."

"Hoto? Hannunta ne ya taɓa takardar nan, Fahad!"

"Ba hannunta kaɗai ya taɓa ta ba."

Ta ɗago ta dube shi. Ta ga yadda ya ɗan ja ƙafarsa baya don kada gefen takardar ya shafi wandonsa, abin ya soke ta har zuciya.

"Ƙyamarta kake yi?"

"Ke ba kya yi? Ga safa a hannunki!"

"Ina yi! Wallahi ina yi, ko kallonta na yi sai in ji ƙarni. Amma ba zan jefa hannun uwata a bola ba."

"Zuciyata, don Allah... kin san Hajiya. Takarda ɗaya za ta raba mu?"

"Kai ka fasa maganar a gabanta, kai za ka je ka ji da ita."

"To in ce mata me?"

Tayyiba ta dube shi. Tana son mutumin nan, so na haƙiƙa. Shi ya tsaya musu a asibiti, shi ya kama makarar Umma. Amma bakinta ya riga ya buɗe.

"Ka ce mata a dakata."

Ya dubi takardar, ya dube ta. Sannan ya juya, ko sallama bai yi ba.

Ranar Asabar da hantsi sai ga Hajiya Saudatu da kanta, Fahad na biye da ita da bokiti da jarkar ruwan wanki. Safar hannu biyu ta ɗora, ga takunkumi a hanci, kai ka ce ɗakin tiyata za ta shiga.

Tayyiba ta durƙusa. "Ina kwana, Mama."

"Lafiya. Ina takardar da aka fifita a kan ɗana? Ɗauko min, ni zan jefar da ita tunda ke kin kasa."

"Mama, ki yi haƙuri..."

"Ɗauko na ce!"

Ta ɗauko ta shimfiɗa a tebur, ta tsaya a gabanta kamar mai tare yaro daga duka. Hajiya ta matso tana yamutsa fuska, ta miƙa yatsu biyu za ta ɗaga gefen. Sai ta tsaya. Ta sunkuya. A hankali ta sauke takunkumin.

"Wannan yatsan..." ta nuna wanda ya karkace. "Hannatu ce."

Tayyiba ta fashe da kuka, irin wanda ta kwana bakwai tana dannewa.

"Ni na sa ta, Mama! Ni na ɗora hannunta a kan ƙazanta! Da hannun ta ci abinci, da shi ta ja carbi, ban sani ba ko na wanke mata shi sosai... Na kasa tunawa! Uwata mai tsafta, na tura ta lahira da..."

"Ke! Yi min shiru!"

Tsawar ta sa har Fahad ya zabura. Hajiya ta fizge safar hannunta, ɗaya bayan ɗaya, ta yar a ƙasa. Ta kama fuskar Tayyiba da hannu tsirara.

"Wa ya yi wa Hannatu wanka?"

"Ke ce, Mama."

"Ni ce. Kin taɓa jin na wanke abu ya fito da saura? Yatsan nan da kike gani, da ƙyar na miƙar da shi. Sau uku na bi hannun nan, tsakanin kowane yatsa, har ƙarƙashin farce. Tas ta tafi, kin ji ko? Tas! Kada in sake jin wannan maganar a bakinki."

Tayyiba ta zube a jikinta. Hajiyar da ba ta yarda kowa ya sha da kofinta, ga ta nan majina da hawaye sun jiƙa mata mayafi, ba ta ko motsa ba. Ita ma nata hawayen ke zuba a kan ɗankwalin yarinyar.

Can ta share fuska, ta harari ɗanta. "Kai kuma ka tsaya kana kallon mutane da bokiti. Likitan banza, ka kasa ce min hannun Hannatu ne? Ka ce min wai takarda!"

"Hajiya, ai ba ki bar ni na..."

"Je ka samo gilashi, irin na hoto. Mai kauri. A rufe ta gaba da baya, a liƙe gefen, kada iska ma ta fito."

"Yanzu?"

"A'a, baɗi!"

Ya yi hanyar ƙofa da sauri, ya juyo ya dubi Tayyiba. Idonsa ya yi ja. "Ki yafe min, Tayyibata."

Ta dube shi, ba ta kau da kai ba.

Hajiya ta koma kan takardar, hancinta ya sake yamutsewa, don hali ba ya barin mai shi rana ɗaya.

"Ba dai ɗakin da ake sallah ba. Kuma ba kusa da kicin ba. Firjin nan ma a bayar da shi, ni ba zan sha ruwansa ba har abada."

"To, Mama."

"Ita kuma Debbie ki ce ta nemo miki na saniyar da aka yanka, in dai danne-dannen ya zame miki dole."

Ta tsura wa layukan tafin ido. Sannan ta ɗaga hannunta na dama, ta kai shi saitin na aminiyarta, yatsa bisa yatsa, saura kaɗan su haɗu. Ba ta taɓa ba. Ba ta kuma janye ba.

"Hannatu," ta ce a hankali, "kin ga abin da 'yarki ta sa ni."