Maɓalli Taran Da Suka Rage

Maɓallin rigarsa ne ya tsinke, shi ya kai malamin lissafi shagon tela. Bayan kanta ya tarar da 'yar mai shagon tana ƙirga maɓallai, babban yatsanta na bin gaɓoɓin sauran yatsu huɗu. Gaɓa uku-uku, sha biyu cif a hannu ɗaya.

Bawan Allah ya saki baki. Wata guda yana fama da ɗalibansa kan ƙirgen da ke juyawa a sha biyu maimakon goma, ga shi a hannun yarinya kamar wasa.

"Malam, maɓalli ka zo saya ko kallo?" ta ce.

Daga ranar rigunansa suka shiga zubar da maɓalli, ba gaira ba dalili. Ya sa mata suna 'Yar Dozin.

Da ya roƙe ta ta zo ta nuna wa ajinsa, sai ta ɗauka ba'a ce, tunda ba ta yi nisa a karatu ba. Kwana uku ba ta ɗaga wayarsa. Ya tura mata: "'Yar Dozin, wallahi ba dariya nake miki ba. Na karanta abin a littafi, amma a hannunki na gane shi." Ta amsa: "To na ji, sarkin daɗin baki."

Da maganar aure ta taso, babanta ne ya ƙi. "Mai alli? Me hannunsa ya iya?" Ya fi son ɗan mai kantin yadi. Malamin ya rame, don da gaske yake sonta.

Wata safiya samarin biyu suka haɗu a shagon. Tsohon ya nuna tebur.

"Ga maɓalli kwali biyu, kowanne dozin sha biyu. Ga dozin biyar, ga guda tara. Teloli uku gare ni. Zai rabu daidai?"

Ɗan mai kantin ya zaro waya yana danne-danne.

"Zai rabu, Baba," in ji malamin. "Dozin ba ya gardama da uku, balle kwali. Taran nan kaɗai ake dubawa, su kuwa uku-uku ne."

Tsohon ya sauke tabarau. Shekara arba'in haka yake rabo, bai taɓa jin wani ya faɗa da baki ba.

"A makaranta ka koyo?"

"A'a. Wajen 'yarka. Ta ce kai ka riƙe mata yatsa tana ƙarama."

Tsohon ya dubi 'yarsa, ita kuwa ta sunkuyar da kai tana murmushi.

"Wanda bai ji kunyar cewa ke kika koya masa ba, ba zai raina ki ba," ya ce. "Malam, turo magabatanka."

Shi da kansa ya ɗinka rigar ango, yana ta sa musu albarka. Maɓalli sha biyu ya jera mata, ya ƙulle kowanne da zare biyu.

"Wannan karon," ya ce, "ba sai sun tsinke za ka gan ta ba."