Wanda Ya Feɗe Jan Dila

Sufeto Oiva Kuusela bai kai ga kurɓar kofinsa na safe ba, Eelis ya banko ƙofar ofis, ƙanƙara har gwiwa.

"Yallaɓai, an sace mini babur!"

"Rufe ƙofa tukuna, kada ka haɗa ni da mura. Makulli yana ina?"

"A jiki."

Oiva bai yi mamaki ba. A garin Kuivaniva ba mai zare makulli daga babur ɗin ƙanƙara. Wanda ya zare, sai a ce yana zargin maƙwabta ne.

Eelis saurayi ne mai tsere a kan daskararren tafki, kuma tun da ya kai baburinsa shagon Kaisu aka liƙa masa sabuwar ledar ado, garin bai huta ba. Kowa ya gani sai ya ce ado ya yi yawa, sannan ya waiga ya ƙara kallo. Shi kansa Oiva, mai tsohon babur da fentinsa ya koɗe, abin yana ɗan sosa masa rai.

"Santtu ne," in ji Eelis. "Na rantse Santtu ne. Tun da na wuce shi a tsere bara yake jin haushina."

Ya miƙo hoto a waya. Oiva ya sa tabarau. Daga nesa ya saba ganin baburin, ja ne kawai ke wucewa. Yau ya ga zanen sosai: jan dila a guje, wutsiyarsa na warwatsa tartsatsi.

Ya san dilan nan. Kaisu ce ta zana shi da hannunta a kan baburin mijinta Tarmo ranar aurensu, kuma Oiva ne abokin ango. Ya yi fata a ransa a ce Santtu ɗin ne, domin ba ya son ya taɓa gidan abokinsa da hannun hukuma.

Kafin rana ta ɗan leƙo, masu kamun kifi suka yi waya. An ga babur a bayan rumfar jiragen ruwa, bakin tafki.

Inji lafiya, mai a cike, makulli a jiki. Ado ne kawai babu. An ɓare ledar tas daga murfin gaba da marufan gefe, babur ya tsaya tsirara kamar kazar da aka fige.

Eelis ya dafe kai. "Wane irin ɓarawo ne wannan? Ya bar inji ya ɗauki leda?"

Oiva ya durƙusa. A irin wannan sanyi, leda ba ta ɓaruwa, karyewa take ƙanana-ƙanana. Amma a ƙasa ko ɓarɓashi babu. Kusoshin marufan kuma an mayar da su a karkace. Wato an kwance marufan, an kai su wuri mai zafi, an feɗe a hankali, aka dawo da su.

Ya cire safar hannu ya shafa ragowar gam ɗin. Yatsansa ya fito baƙi. Ya shinshina. Kunkunniya ce, mai ƙamshin hayaƙin itace.

Ya sami Santtu a garejinsa yana shafa wa baburinsa mai.

"Jiya da yamma kana ina?"

"Gida. Ko ƙofa ban leƙa ba."

"Haba Santtu. Sawun takalminka yana nan a bakin shingen Eelis, ƙafar nan taka kamar ta rakumi. Wa kuma ke da irinta a garin nan?"

Santtu ya jefar da tsumman. "To na je! Hoto na ɗauka. Na je wurin Kaisu na ce ta yi mini irinsa, ta ce guda ɗaya ne, ba za ta sake ba. Shi wane ne? Ɗan wa ya fi ni? Yaron da sai da na koya masa juya kan babur!"

"Ka so ka ɓare shi?"

"Na so in cinna masa wuta ma. Amma ban taɓa ba. Ina tsaye yana nan a ajiye, na tafi yana nan."

"A ina kake wankan surace?"

"Mene ne haɗin... A bene, na lantarki ne, kai ma ka sani."

Oiva ya sani. Ɗakin suracen lantarki ba ya kunkunniya. Ya juya zai fita, Santtu ya ce a bayansa:

"In maganar surace ce, ka tambayi abokinka. Tun tsakar rana jiya hayaƙi ke tashi daga nasa. Laraba fa! Wa ke hura surace ranar Laraba?"

Ba wanda ke yi. Asabar ake hurawa, tun zamanin kakanni. Kuma ɗakin Tarmo irin na da ne, marar bututun hayaƙi, wanda ake wuni ana ba shi wuta, bangonsa baƙi ƙirin. Shi kaɗai ya rage a wannan gefen tafki. Oiva ya hau baburinsa.

Ya fara tsayawa a shagon Kaisu. Ɗumi ya mare shi tun daga ƙofa. Naɗaɗɗun ledoji launi-launi a jere a bango, na'urar hura zafi a rataye, ita kuma tana goge murfin wani babur da sinadari. Ba ta ɗago ba.

"Ni ce," ta ce. "Kada ka wahalar da kanka, Oiva. Aikin bai yi mini ba, gefe ya fara ɗagowa, na ji kunya na ɗauko na ɓare."

"A ina kika ɓare?"

"Nan."

"Da me?"

Ta nuna na'urar da haɓa.

"Sannan kika bar gam a jiki?"

Hannunta ya tsaya.

"Kaisu, kin taɓa sa na dawo miki da murfina don kin ga ɗigon gam ɗaya a ƙarƙashi, inda ko ɓera ba ya leƙawa. Mace mai shago mai ɗumi da na'ura a hannu, me zai kai ta ɗakin hayaƙi da marufan babur? Wanda ba shi da makullin shagon nan ne ya yi, ko wanda yake da shi amma ba ya son ki gani."

Ta ajiye tsumman. Idonta ya cika, amma ba ta yi kuka ba, fushi ne ya fi yawa a ciki.

"Da safe na ga hannun Tarmo," ta ce. "Ban ce masa komai ba. Shi ma bai ce ba. Haka muke yanzu."

Ta ɗauki rigar sanyinta ta bi shi.

Tarmo yana faskare a ƙofar ɗakin suracen. Da ya gan su tare sai ya kafa gatarin a kututture.

"Oiva. Ka zo da wuri, Asabar da sauran kwana."

"Na ji ka riga mu yin taka Asabar ɗin."

"Bayana ke ciwo, na hura. Laifi ne?"

"Nuna mini hannunka."

Tarmo ya tura su aljihu. Oiva bai matsa ba, ya wuce shi ya sunkuya ya shiga ɗakin. Har yanzu duwatsun murhu da sauran ɗumi. Ya haska tocila. A kan bencin sama, inda zafi ya fi taruwa, an shimfiɗa faffaɗan katako, an manna ledar a kai gunduwa-gunduwa, kowace a mazauninta. Dilan yana nan cikakke, ko kunne bai yage ba.

Ya fito da katakon ya jingine shi a kan ƙanƙara.

"Ɓarawo yana yagewa ya jefar," in ji Oiva. "Wannan lallaɓawa aka yi. Tarmo, kada ka sa in yi maka tambayar da nake yi wa baƙi."

Tarmo ya zauna a kan kututturen kusa da gatarin. Katon mutum, amma muryarsa ta fito ƙarama.

"Nawa ne. Nawa ne dilan nan, kai shaida ne. Sai in fito shago in gan shi a ƙarƙashin wani yaro, yana zagaya gari da shi, mutane na tafi. Ana ce masa Jan Dila! A gabana! Ni aka fara kira haka, tun bai san hanyar makaranta ba." Ya juya ga matarsa. "Kika wuni a kansa kina shafawa, kina dariya da shi. Na leƙo ta taga na gan ki. Yaushe rabon ki yi dariya haka a gida? Kishi ne ya ci ni, Oiva. Ba na barci. Na ce ko dai in cire shi ko in haukace. Na ɗauko babur da duhu ya yi, na kwance marufan, na feɗe, na mayar da su. Ni na yi."

Kaisu ta tako har gaban katakon.

"Ka auna shi?" ta ce.

"Me?"

"Ka dubi gefen nan. Ka ga ɗori? Ƙari na yi, don bai kai murfin Eelis ba. A kan naka na yanka shi, Tarmo. Naka na auna, a ɓoye, don tsohon ya koɗe ya zama ruwan toka. Na kawo maka shi har teburin abinci ranar zagayowar aurenmu. Kana gyaran komar kifi. Ka ce mun girma da wannan shirme, in ba yara."

Tarmo ya buɗe baki. "Ni? Yaushe na faɗi haka?"

"Ka gani? Ba ka ma tuna ba. To na ba yara."

Oiva ya ji tausayin abokinsa, ya kuma ji haushinsa, haushin ma ya fi yawa. Shekarun nan duka yana cin abincin Asabar a gidan nan ya koma ɗakinsa shi kaɗai, yana kishin Tarmo a ɓoye.

"Tashi mu je," ya ce. "Ɗaukar abin hawa ba izini, da lalata kayan mutane. Za ka ba da jawabi a ofis, sauran na alƙali ne." Ya ɗaure katakon a bayan babur a matsayin shaida, ya ƙara da cewa ƙasa-ƙasa, "Ni ko layi ɗaya ba wadda ta taɓa zana mini. Kai aka kawo maka har tebur, ba ka ɗaga kai ba."

Tarmo ya hau bayansa. Hannuwansa baƙaƙe, ba safa, sanyi ya fara cin su. Kaisu ta shiga gida ta fito da safar hannunsa. Ya miƙa hannu zai karɓa, ta wuce shi ta ba Oiva.

"Kaisu," ya ce. "In na dawo, za ki sake yi mini?"

"Na gaya wa Santtu ma," ta ce. "Guda ɗaya ne."

Oiva ya tada inji. Da suka kai kwanar tafki Tarmo ya waiga, amma ta riga ta shiga ta rufe ƙofa.